Na-Iya da Kujera ta Takwas da Rabi

A tashar wani kamfanin motocin safa an yi wani mutum da ake kira Na-Iya. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. In fanka ta tsaya, ya iya. In janareta ya shaƙe, ya iya. Ko haƙori ke maka ciwo kada ka faɗa a gabansa, don sai ya aika a kawo filaya. Ƙanin matar mai kamfanin ne, shi ya sa duk ɓarnar da ya yi ake kiran ta kuskure, kuskuren kuma in ya yi girma a ce ƙaddara. An gwada shi a wurin awon kaya, ya gyara sikeli har ya koma yana ba katifa da jakar hannu nauyi ɗaya. Aka mai da shi gareji, makanikai suka taru suka ce ko su ko shi. Daga ƙarshe aka ajiye shi a ɗakin kwamfuta, bisa tunanin can babu abin da zai kwance da sifana.

A ɗakin akwai wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci. Cikinta akwai rubuce-rubucen umarni da wani injiniya ya yi shekaru aru-aru kafin ya ƙaura. Su ke raba fasinja cikin motoci, su ba kowa kujerarsa, su haɗa kowace mota da direbanta. Da tsohon yaren kwamfuta aka rubuta su, wanda masu shi ma sun yar, sun fito da sabo. Suna ɗaya suke amsawa, tsohon da sabon, amma zamansu zaman kaka da jika ne: ana jin juna sama-sama, in zance ya yi nisa kowa ya kama gabansa.

Ana nan sai mai kamfani ya sayo sabuwar na'ura. Masu sayarwa suka zo suka jera mata ayyuka, wannan na gamawa ya miƙa wa na gaba: karɓar sunayen masu tikiti, rabon kujeru, rabon direbobi, aika saƙo ta waya, sai babban allon da aka kafa a tsakar tasha. Ma'aikata suka raɗa wa tsarin suna jerin gwano. Sai dai tsakiyar jerin akwai giɓi, don rabon kujeru da na direbobi suna nan cikin tsohuwar. Masu sayarwa suka ce waɗannan tsofaffin ba sa jin sabon yare, sai an keɓe musu lungu a cikin jerin, a sa musu tsohon yarensu su kaɗai, ba tare da an taɓa sauran ba. Za su dawo wata mai zuwa su yi.

Na-Iya yana tsaye yana jin su, yana murmushin tausayi. Suna fita ya ce, “Yallabai, wata guda fa suka ce. Wannan aikin ai kafin shayi ya huce an gama.”

Mai kamfani ya dube shi ta saman tabarau. “Ka san kansa?”

“Ni da kwamfuta ai sai dai in mun ƙi magana don kunya. Su wancan lungun da suke faɗa, tsoro ne kawai. Tsoho in ya zo gidan zamani, yaren zamani zai koya.”

Da mai kamfani ya ƙi, amma akwai abin da ke cin sa. Ƙungiyar malaman makaranta ta kama motocinsa kaf don zuwa babban taronta a ƙarshen mako, kuma shugabarsu ta ce in tafiyar ta yi daɗi, shi zai riƙa ɗaukar su duk shekara. Yana so su zo su ga allo yana walƙiya, su ji saƙo ya faɗo musu a waya. Ya ce, “To. Amma tsohuwar kada ka kashe ta.”

“Wa ke kashe mai shirin mutuwa, Yallabai?”

Kafin ya taɓa komai sai da ya fita wurin mai shayin bakin tasha ya ba da sanarwa. Ya ce daga wannan makon tashar za ta tafi da kanta, mutum ya zo ya zauna kawai, na'ura ta san shi ta san kakansa. Birki, babban direban kamfanin, wanda ya tsufa a kan sitiyari, ya kurɓi shayi ya ce, “Ita za ta tuƙa?”

“Wannan sai baɗi.”

“To Allah ya sa in yi ritaya bana.”

Na-Iya ya koma ɗaki, ya kwashe tsofaffin rubutun ya zuba cikin jerin gwano, ya danna maɓalli. Nan take fuskar na'ura ta cika da jan rubutu, sabon yare yana ƙorafi a kan layi kaza da layi kaza. Wani zai tsaya ya karanta ƙorafin. Na-Iya bai ga dalili ba. A ganinsa layin da aka yi ƙara a kansa shi ne mai laifi, don haka ya goge shi. Ya sake dannawa, wani layin ya jawo ƙorafi, ya bi ɗan'uwansa. Haka ya yi ta sassabe har ja ya ɗauke, kore ya bayyana. Ya miƙe ya yi miƙa, ya leƙa ta taga ya ce wa Uwar Tikiti, matar da ke sayar da tikiti tun kafa kamfanin, “Hajiya, an yi an gama. Har na rage masa ƙiba.”

Washegari da safe wani dattijo ya tsaya gaban tagar Uwar Tikiti da waya a hannu. Ya ce, “’Yata, ina neman kujerata. An ce ta takwas da rabi.”

Ta karɓi wayar ta duba. Haka aka rubuta. Kafin ta buɗe baki wata mata ta miƙo tata, ita ta sha ɗaya da rabi aka ba ta, ɗanta kuma ta uku da ɗigo uku uku uku uku, har ƙarshen saƙon ukun ba su ƙare ba. Ashe tsohon yare in ya raba lissafi, yar da guntu yake, ya ba da cikakken adadi. Sabon kuwa mai gaskiya ne fiye da kima, ko ɓurɓushi ba ya bari.

Aka kira Na-Iya. Ya zo yana gyara wuyan riga, ya duba, ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake jira ke nan. “Baba, wannan ai daidaito ne. Da can zaluntar ku ake yi, ana cinye muku rabi. Yanzu ga haƙƙinku cif.”

“To a ina zan zauna?”

“Tsakanin ta takwas da ta tara.”

“Can ai hanya ce, ɗana.”

“Shi ya sa ta fi iska.”

Uwar Tikiti ta ce, “In haka ne, kai ma rabin albashi ya ishe ka, tunda ya fi iska.”

Bai samu ya rama ba sai ga Birki ya taho, fuska a murtuke. Ya ce an ba shi mota uku duk a lokaci guda, ɗaya gabas, ɗaya yamma, ɗaya kuma tana gareji ba injin. Sauran direbobi suna zaune a benci ba a ba kowa komai ba. Cikin layukan da Na-Iya ya sassabe har da wanda ke hana a ba direba mota fiye da ɗaya.

“Na'ura ta gane ƙwarewarka ne,” in ji Na-Iya.

“Ta gane. Sai ka zo ka raba ni uku, tunda ka iya rabi-rabi.”

A ranar, da hannu aka yi rabon kujeru, Uwar Tikiti tana yi tana ambaton sunan Na-Iya ba cikin addu'a ba. Da yamma labari ya riga shi isa gida. Yayarsa ta tare shi a falo. “Auta, me nake ji? Mijina ya dawo ko abinci bai taɓa ba.”

“Yaya, gwaji ne. Jirgin sama ma da aka fara ƙera shi sai da ya faɗi.”

“Da fasinja a ciki?”

“Ba a faɗa ba.”

“Ka bi abin da masu na'urar suka ce. Ka sa wa tsofaffin nan yarensu. Da tsohuwar zuma ake magani.”

Na-Iya ya kwana yana juya maganar, kafin gari ya waye ta zama tasa. Ya isa wurin mai shayi ya ce ya yi nazari mai zurfi ya gano sirrin da masu sayarwa suka ɓoye: tsoho sai da tsohon yare. Mai shayi ya ce shi kam kamar ya ji an faɗi haka tun ranar farko. Na-Iya ya ce faɗa daban, ganowa daban.

Ya sake kwafo rubutun daga tsohuwar kwamfuta, cikakku ba sassabe, ya nemo tsohon yare ya ɗora wa sabuwar na'ura. Da na'urar ta tambaye shi ko a lungu ɗaya za a sa shi ko a ko'ina, sai ya ji tambayar ta raina shi. Shi ba mutumin lungu ba ne. Ya zaɓi ko'ina. Ya danna, kujeru suka fito cif-cif ba rabi, Birki ya samu mota ɗaya kamar kowa. Na-Iya ya fito tsakar tasha ya tsaya, hannu a baya, yana jiran a zo gaisuwa.

Aka zo, amma ba gaisuwa ba. Wani matashi mai ƙaton buhu ya nuna masa waya. “Malam, wai in auri kayana?”

Kamfanin yana rufe kowane saƙo da jan kunne da kirari: “Kowane fasinja ya ɗaure kayansa da kyau. Muna ƙaunar ku.” To mai aika saƙo ɗan zamani ne, da sabon yare aka yi shi, ga shi an tilasta masa na kakanni. Tsohon yare kuwa bai taɓa ganin harafi mai lanƙwasa ba, duk inda ya ci karo da ɗaya sai ya tsallake. Saƙon ya isa wayoyin mutane yana cewa: “Kowane fasinja ya aure kayansa da kyau. Muna aunar ku.”

Wata mata ta ce ita da aurenta, ba ta ga abin da akwati zai ƙara mata ba. Wani ya ce shi auren bai dame shi ba, aunawar ce ba ta kwanta masa ba, da me ake aunar su, kuma daga ina? Mai kujera ta ɗaya an ce masa kujera ta aya. Birki ya zo ya dafa kafaɗar Na-Iya ya ce, “Jiya ka raba mutane biyu, yau ka aurar da su. Gobe sai suna.”

Mai kamfani ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. “Jibi malaman nan za su zo. Malamai, Na-Iya. Mutanen da ke cin abinci da gyaran rubutu. Ka cire hannunka, a koma wa tsohuwar.”

“Yallabai, ai an zo gangara. Dubi lissafin: sabo ya iya rubutu bai iya rabo ba, tsoho ya iya rabo bai iya rubutu ba. Me ya rage?”

“Ya rage ka bari.”

“Ya rage a haɗa su. Ba ni gobe kawai. In ba ka ga abin mamaki ba, canza mini suna.”

Mai kamfani ya tuna allon da ya kafa, ya tuna matarsa. Ya ce, “Gobe kawai.”

A nan ma da Na-Iya ya keɓe wa tsofaffin lungunsu, da an huta. Amma shi ya fahimci haɗawa ta wata fuska. Ya kwafi jerin gwanon gaba ɗaya ya zama biyu, ɗaya ya ba shi tsohon yare, ɗaya sabo da sassaben rubutunsa na farko, ya sake su tare, wai duk wanda ya yi kuskure ɗan'uwansa zai rufa masa asiri. Ya kuma ga wani wuri da aka rubuta cewa in aiki ya ci tura a sake gwadawa, ana tambayar sau nawa. Ya cika gurbin da tara-tara har ya ƙi karɓa, don shi bai yarda da karaya ba. Da ya juya zai fita, gurnanin tsohuwar kwamfuta ya dame shi, ya ga ta gama zamaninta. Ya zare mata waya, ya sa aka kai ta sito aka ɗora mata tayoyi.

Ranar tafiya malamai suka cika tasha tun da hantsi, kowa da jaka da biro a aljihu. Shugabarsu doguwar mace ce mai tabarau, irin wadda in ta dube ka sai ka tuna aikin gidan da ba ka yi ba tun kana aji uku. Mai kamfani ya sa babbar riga, ya yi jawabin maraba. Na-Iya ya karɓe lasifika ba a ba shi ba, ya ce yau za su ga abin da ko a ƙasashen da suka ci gaba sai an yi layi ake gani, kuma shi kaɗai ya haɗa shi, ba taimako. Ya shiga ɗaki ya danna, ya fito da gudu don kada tafi ya wuce shi.

Wayoyi suka yi ƙara gaba ɗaya. Malamai suka duba. Kafin su ɗago, suka sake ƙara.

Shugaba ta karanta nata a fili, a hankali, kamar mai duba jarrabawa. “Na farko ya ce kujerata ta huɗu da rabi a mota ta biyu, kuma ana ƙaunata. Na biyu ya ce kujera ta huu, in auri kayana, ana aunata.” Ta ɗago. “Wanne zan bi?”

“Duk wanda ya kwanta miki, ranki ya daɗe,” in ji Na-Iya. “Zaɓi ne muka ba ku.”

Wayoyi suka sake ƙara. Jeri biyun sun tarar da juna a kan kujeru ɗaya, kowanne ya ga an riga shi, ya ɗauka ya ci tura, ya koma farko. Kowane komawa sabon rabo, kowane rabo sabon saƙo. Wanda ke mota ta farko ya tsinci kansa a ta biyar, kafin ya ɗauki jaka an mai da shi ta uku. Malamai mutane ne masu bin umarni a rubuce, suka dinga hawa suna sauka, ana karo a ƙofa, ana ba juna haƙuri da kyakkyawar Hausa. Wani malamin lissafi ya tsaya a hanyar mota ya auna tsakanin kujeru da taku, ya ce in dai ta shida da ɗigo bakwai ce to a kan cinyar malamin tarihi take. Malamin tarihi ya ce ba a taɓa yi ba, kuma ba za a fara a kansa ba.

Babban allo kuwa ya rasa wanda zai saurara. Sai ya nuna Birki a mota bakwai, ya goge, ya nuna “Barka da zuwa ungiyar malamai”, ya goge, ya nuna motar da ke gareji ba injin ita ce za ta fara tashi. Wata malama ta ciro jan biro ta nufi allon, sai da aka riƙe ta.

Mai kamfani ya matso kusa da Na-Iya, murya ƙasa-ƙasa. “Kashe shi.”

“Yallabai, yana kan daidaita kansa ne. In aka ba shi…”

“Kashe shi, a tayar da tsohuwar.”

Na-Iya ya ce, “Tana hutawa.”

“A ina?”

“A sito. Ƙarƙashin tayoyi. Kaɗan ne, ba su fi shida ba.”

Aka ruga aka ɗauko ta, murfinta ya lotsa kamar kwanon da mota ta taka. Aka jona mata wuta. Ta yi gurnani ɗaya, ta yi tari, ta yi shiru irin wanda ba a dawowa. Birki ya cire hula.

Na-Iya ya koma kan sabuwar zai tsayar da jerin, ya tarar bai san ta inda ake tsayarwa ba, don bai taɓa tunanin aikinsa zai buƙaci tsayawa ba. Ya fizge wayar wuta. Na'urar tana da batirin ko-ta-kwana, ta ci gaba abinta. A waje wayoyin malamai suna ta kuka kamar kwaɗin damina, wasu har sun mutu don gajiya. Sai da Uwar Tikiti ta shigo ta zare wayar sadarwa ta rataya a wuya, sannan tasha ta yi tsit.

Cikin wannan tsit ɗin shugaba ta tako har gaban mai kamfani. “Wa ya yi wannan aikin?”

Na-Iya ya ɗan ja baya. “Aikin haɗin gwiwa ne, ranki ya daɗe.”

“Ɗazu ka ce kai kaɗai, ba taimako. Na rubuta.” Ta juya ga mai kamfani. “Alhaji, shekara da shekaru ina koyarwa, ban taɓa ba ɗalibi sifili da rabi ba, amma yau na ga mai shi. Za mu hau motocinka don mun riga mun makara. Zancen baɗi kuwa, sai mun ga yadda aka kai mu.”

Mai kamfani ya share gumi. Ya ɗauki lasifika ya danƙa wa Na-Iya, ya karɓo sunayen fasinja daga Uwar Tikiti ya ɗora masa a hannu. “Hau kan bencin can. Ka kira kowa da sunansa, ka faɗa masa motarsa da kujerarsa. Cikakkiya. In na ji rabi, kai za a raba.”

Haka Na-Iya ya hau benci cikin rana yana kira, malamai suna gyara masa furuci ɗaya bayan ɗaya, wasu har suna sa shi ya maimaita. Da motar ƙarshe ta tashi muryarsa ta dushe. Kuma tunda tsohuwar ta riga mu gidan gaskiya, masu sayarwa kuma suka ce ganin abin da aka yi wa na'urarsu sai sun ƙara wata guda, bencin ya zama ofishinsa kowace safiya.

Ran nan yayarsa ta biyo ta tasha ta gan shi a sama, lasifika a baki, gumi har gwiwa. Ta ce, “Auta, abin ya kai haka?”

Ya sauke lasifikar, ya dube ta da tausayin wanda bai fahimci manyan al'amura ba.

“Yaya, kwamfuta biyu aka gwada a wannan aikin, tsohuwa da sabuwa, duk suka gaza. Wa kika ga an kira?”